Sugan da jini ya cinye a hanya

A ƙaramin asibitin da nake aiki, can cikin ƙasar Gumel inda rairayi ke kama ƙafar babur, ɗakin gwajinmu ɗaya ne tal. Akwai tebur, akwai madubin duba ƙwayoyin cuta, akwai tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da na gwajin ciki. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan, jini muke ɗiba mu aika babban asibiti a cikin gari, tafiyar minti arba'in a babur. Shekara huɗu na yi ina wannan aike ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da ke faruwa a cikin kwalba ba, daga barinta hannuna zuwa isarta hannun masu gwaji, sai da abin ya faɗo kan Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma a ɗakinta aka yaye ni. Ta haura sittin, amma har yau ita ke soya gyaɗarta, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Wajen ƙarshen watan Maris ta fara kukan kasala da ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku ko huɗu kafin asuba. Mutanen gida suka ce ai bazara ce, wa ba ya shan ruwa a wannan zafi? Ni dai raina bai kwanta ba, don mahaifiyarsu da ciwon suga ta rasu. Muna da na'urar gwajin yatsa, amma tsinkayenta sun ƙare, 'yan ragowar kuma an bar bakin robarsu a buɗe cikin zafi, ban yarda da su ba. Dama idan ana son tabbatar wa mutum yana da ciwon suga ko ba shi da shi, jinin jijiya ake gwadawa a ɗakin gwaji. Sai na ce ta zo da sassafe kafin ta karya.

Ranar Alhamis ce. Na ɗebi jinin da ƙarfe bakwai da rabi. Kwalbar da aka tanada don gwajin suga, mai sinadarin fulorayid a ciki, ta ƙare mana tun makonni, don haka na zuba a kwalba mai jan murfi wadda babu komai a cikinta. Na rubuta suna da shekaru da irin gwajin. Gurbin lokacin ɗiba na bar shi fari, kamar yadda na saba. Na naɗe ta a leda tare da sauran kwalabe, na sa a ɗan kwali, na miƙa wa ɗan acaɓan da ke yi mana aike. Washegari takarda ta dawo ɗauke da 6.0.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ta sake tabbatarwa a 2006, idan mutum ya kwana bai ci ba aka sami sugan jininsa ya kai milimol 7.0 a lita ko sama, ana maganar ciwon suga. Daga 6.1 zuwa 6.9 mutum yana bakin gaɓa. Ƙasa da haka lafiya. Gwaggo ta tsallake da ƙyar, amma ta tsallake. Da bakina na je na ce mata, "Gwaggo, ba ki da suga." Ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Ashe tun da na fara maganar gwaji ta daina sa suga a koko don tsoro. A ranar ta koma.

Bayan mako shida ƙayar aduwa ta soke ta a tafin ƙafa. Abin da ya kamata ya kame cikin kwana huɗu ya kai mako biyu yana ruwa. Sannan wata jikarta ta faɗa wa matata cewa kiyashi na taruwa a makewayi inda Gwaggo ke tsugunawa. Da na ji wannan jikina ya yi sanyi. Na ɗauko takardar nan na yi ta kallon 6.0, ga kuma ƙafar da nake wankewa kullum tana faɗa mini wani abu dabam.

Ranar Litinin na hau babur da kaina na tafi gari. Shugabar ɗakin gwajin babbar mace ce da ta kusa ritaya, kowa Hajiya yake ce mata. Na shiga da niyyar in tambaya ko na'urarsu ce ta sami matsala a ranar. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini tambaya uku: a wace kwalba ka zuba, ƙarfe nawa ka ɗiba, a cikin me ya zo? Na amsa. Ta jawo babban littafin karɓa, ta bi da yatsa har ta kai ranar. Jinin Gwaggo ya iso hannunsu ƙarfe ɗaya da minti goma na rana. Daga baya na ji cewa ɗan acaɓan ya sami fasinja zuwa kasuwar Maigatari, ya fara kai su, ya jira ya samu na dawowa, kwalin kuma yana cikin jakar da ke rataye kusa da inji. Ban ga laifinsa ba. Ban taɓa ce masa akwai sauri a cikin aiken ba, don ni ma ban ɗauka akwai ba.

Hajiya ta rufe littafin ta ce, "Ɗana, jinin da ke cikin kwalba ba mushe ba ne. Ƙwayoyinsa da ransu, kuma suna cin abinci. Ka kulle awaki a ɗaki da kwanon dusa tun safe, ka dawo da azahar ka auna dusar, sai ka ce mai gida ya yi rowa?"

An koya mana wannan a makaranta, na ma rubuta shi a jarrabawa. Amma a ranar ne ya zauna mini. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da wani abinci sai gulukos, wato sugan da ke cikin jini, fararen ma suna ci, kuma fitowarsu daga jijiya ba ta hana su. A zafin ɗaki na yau da kullum, sugan da ke cikin jinin da ba a raba shi da ƙwayoyinsa ba yana raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa. Idan wuri ya fi zafi, cin ya fi sauri. Haka idan fararen ƙwayoyin sun yi yawa saboda wata cuta, haka kuma a jinin jarirai. Littattafan da suka kawo wannan lissafi suna maganar ɗaki mai digiri 25 ko kusa da haka. Mu a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa.

Ta ba ni biro ta ce in lissafa da kashi 6. Idan mutum ya fito da 8.5, bayan awa ɗaya ya zama 8.0, sai 7.5, sai 7.1, sai 6.6, a awa ta biyar 6.2. Ƙara rabin awa da zafin inji, ga 6.0 nan. Awa uku kacal ta isa ta kai mai ciwo bakin layi, ta huɗu ta fitar da shi daga cikin masu ciwo a takarda. Na'urarsu ba ta yi ƙarya ba, abin da ya rage a kwalbar ta auna. Hajiya ta ce, "Da ka rubuta lokaci, da ban bari an taɓa shi ba. Da na mayar maka."

Na ce to daga yau sai kwalbar fulorayid. Ta girgiza kai ta ce nan ne da yawa ke yin kuskure na biyu. Fulorayid yana toshe wani mataki ne da ke can ƙasa a cikin jerin matakan da ƙwaya ke bi ta narka gulukos, wajen wani sinadari da ake kira inoles. Matakan farko kuwa suna ci gaba da jan suga har sai hanya ta cushe. Shi ya sa a awa ta farko, har zuwa ta biyu, jinin da ke kwalbar fulorayid yana asarar suga kusan kamar wanda ba a sa wa komai ba. Sai wajen awa huɗu abin ke tsayawa cak, daga nan kuma ya riƙe har kwana uku. Wato kwalbar tana hana babbar asara, amma ba ta hana ta farko. Maganin ta farkon abu biyu ne: a tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara nan take, kuma a raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa cikin minti talatin. Ta ce akwai wata sabuwar kwalba mai sinadarin sitiret da ke tsayar da cin tun daga minti na farko ta hanyar sa jinin ya yi tsami, amma ba ta iso irin wurarenmu ba. Ta ɗebo kwalaben fulorayid goma daga nata ta ba ni, ta ce in duba ranar lalacewarsu, kuma in daina dogara da kalar murfi: na wani kamfani ruwan toka ne, na wani ruwan ɗorawa, rubutun jikin kwalba shi ne shaida.

Na dawo gida na fara shirin sake ɗibar jinin Gwaggo tun ana jibi.

A sito akwai tsohon injin juya kwalabe na hannu, wanda da shi ake raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, irin wanda ake ɗaure shi a bakin tebur ana murza marfinsa kamar injin taliya. Fitsari muke juyawa da shi a da. Na wanke shi, na sa masa mai, na gwada da kwalaben ruwa har na ga yana juyawa ba ya rawa. Ƙanƙara kuwa, akwai mai shago a bakin kasuwa da ke da firjin sola, na ba shi kuɗin leda huɗu na ce ya ajiye mini su daskare. Wani abokin aiki ya ce me zai hana in ɗauki akwatin sanyi na allurar rigakafi. Na ƙi. Akwatin rigakafi da firjinsa na rigakafi ne kaɗai, ba a haɗa su da jinin kowa. Na sayi ƙaramar kula ta roba, na rubuta mata "jini" a murfi da a gefe.

Daren da za a wayi gari a ɗiba, na je wurin Gwaggo bayan magariba, kuma a nan akwai abin da nake so duk mai irin aikina ya riƙe. Kada ka ce wa mutumin ƙauyenmu ya yi azumi. Azumi a wurinmu yana da sahur. Za ka ce wa tsohuwa ta zo da azumi, ta tashi kafin asuba ta sha kunu ta ƙoshi, ta ɗaura niyya, ta zo maka ƙarfe takwas tana cewa ba ta ci komai ba, kuma gaskiya ta faɗa a fahimtarta. Ga shi ta ƙi shan ruwa, jijiya ta ɓuya. Abin da gwajin ke so shi ne aƙalla awa takwas babu abin da ya shiga ciki sai ruwa zalla. Don haka na zauna a bakin tabarmarta na bi abin ɗaya bayan ɗaya.

"Gwaggo, ki ci tuwonki na dare kamar kullum, kada ki rage don tsoron gwaji. Daga sallar isha'i kuma shi ke nan. Ba koko, ba fura, ba shayi, ba dabino bayan asuba."

"Goro fa?"

"Har goro, Gwaggo. Ruwa kawai, shi kuma ki sha yadda kike so."

Ta ce, "Wancan karon ba ka ce goro ba." Ban ce ba kuwa.

Da asuba na karɓo ƙanƙarar, na farfasa leda biyu a cikin kofin roba mai zurfi, na ƙara ruwa har ya zama kamar kunun ƙanƙara. Ruwan yana da muhimmanci. Idan aka jingina kwalbar jini da dunƙulen ƙanƙara tsura, gefen zai iya daskarewa, jajayen ƙwayoyi su fashe, jinin ya lalace. Ruwan ƙanƙara kuwa yana rungume kwalbar ta ko'ina, ya sanyaya ta da sauri ba tare da ta daskare ba.

Gwaggo ta iso bakwai saura. Daga gidanta zuwa asibiti akwai 'yar tafiya, ga ciwon ƙafa, don haka na bar ta ta zauna ta huta kamar kwata. Na sake tambayarta abin da ta sa a baki tun jiya, ta ce ruwa, moɗa biyu. Na rubuta sunanta a jikin kwalbar fulorayid a gabanta, na karanta mata ta amsa. A ƙauyen da gida ɗaya za ka sami masu suna iri ɗaya su uku, sai an haɗa da sunan uba da unguwa da lambar kati. Na wanke hannu, na sa safar hannu.

Da ta ga sirinji sai ta janye hannu kaɗan. "Yaron nan, jinin nawa guda nawa ne da za ka yi ta kwasa?" Na nuna mata layin da ke jikin kwalbar, mililita biyu, na ce bai kai rabin cokalin shayi ba, kuma kafin ta gama karyawa jikinta ya fara mayar da shi. Ta miƙo hannun, ta kau da kai tana salati.

Na ɗaura robar a damtse, na laluba lanƙwasar gwiwar hannu da yatsa har na ji jijiyar tana tokare ni. Ruwan da ta sha ya taimaka, ta fito sarai. Na goge da auduga mai sifirit, na jira ya bushe da kansa, ban hura ba, ban kuma sake taɓa wurin ba. Na soka, jini ya biyo, na kwance robar tun bai cika ba, don ba a son ɗaurin ya wuce minti ɗaya. Na ja a hankali. Jan sirinji da ƙarfi yana fasa ƙwayoyi, haka tura jini ta bakin allura. Saboda haka da na zare na danna mata auduga ta riƙe, na cire allurar na jefa a kwalin zubar da allurai, sannan na zuba jinin ta gefen kwalbar yana gangarawa har ya kai layi daidai. Garin da ke cikin kwalbar an auna shi ne don wannan adadin. Na rufe, na kifa ta na tayar a hankali sau takwas don garin ya narke ya gauraya. Ba a girgiza ta kamar maganin tari. Na dubi agogo, na rubuta 7:12 a jikin kwalba da kan takarda, na sa ta a 'yar leda don kada ruwa ya goge rubutun, na tsayar da ita cikin ruwan ƙanƙara.

Na manna wa Gwaggo filasta, matata ta miƙo mata kokon da ta zo da shi a jug, babu suga. Ita tana sha, ni ina ɗaura inji.

Inji irin wannan sai da kishiya. Na cika wata kwalba da ruwa daidai nauyin ta jinin, na sa su suna fuskantar juna, in ba haka ba zai yi ta tsalle har ya fasa kwalba. Na fara murzawa a hankali, na ƙara sauri har kwalaben suka miƙe suka kwanta a iska, na riƙe wannan saurin. Minti goma aikin hannu ne sosai. Kafaɗata ta ɗauki zafi, abokin aikina ya karɓe ni na minti uku, na sake karɓa. Da lokaci ya cika ban tare shi da hannu ba, na bar shi ya tsaya don kansa, don tsayawar farat ɗaya tana sake dama abin da aka raba.

Na ɗaga kwalbar a hasken taga. Jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, a kansu wani siririn farin layi, a sama kuma ruwa garau mai launin ɗorawa. Gwaggo ta matso ta leƙa ta ce, "Ikon Allah, ashe jini ma yana fitar da mai." Na ce mata kusan haka ne, kuma kamar yadda take kwashe mai ta bar tunkuza, haka zan yi. Da ɗan bututun roba mai tsotso na ɗebe ruwan saman a hankali, na tsaya nesa da farin layin, domin shi ne fararen ƙwayoyin, kuma idan suka biyo za su ci gaba da cin sugan a sabuwar kwalba. Na juye a kwalba mai tsabta da na riga na rubuta wa suna, na ƙara da lokacin rabawa, 7:34. Minti ashirin da biyu daga jijiya. Na duba launin da kyau, babu ja-ja a ciki, alamar ƙwayoyi ba su fashe ba. Ruwan jinin da aka raba haka, idan yana cikin sanyin firji, sugansa yana zama yadda yake har kwana uku.

Sauran ƙanƙarar na jera a kula, na shimfiɗa tsumma a kai, na tsayar da kwalbar a cikin ɗan kofi don kada ta kife, takardar kuma na sa ta a leda dabam. Na ɗaure kular a bayan babur, nesa da inji da salansa, na rufa mata farin buhu. Ban tsaya gaisawa da kowa a hanya ba, hannu kawai na yi ta ɗagawa. Takwas da rabi ina gaban Hajiya.

Ta karɓa, ta taɓa kwalbar ta ji sanyi, ta karanta lokutan biyu, ta rubuta na uku a littafinta. Ta bar ni na tsaya na kalla. An ɗiga ɗan mitsitsin ruwan jinin a cikin sinadarin gwaji, an ɗumama na minti goma, ruwan ya rine ya koma ruwan hoda. Gwargwadon yawan suga, gwargwadon duhun launin, na'ura kuma ta auna ta kwatanta da wani ruwan da aka san adadin sugansa. Tun kafin lamba ta fito na ga na Gwaggo ya fi na kusa da shi duhu. Aka rubuta 8.6. Ga masu na'urar yatsa da ke ba da manyan lambobi, ana ninkawa da 18 ne, wato kusan 155.

Likita ya ce a maimaita wata rana. Muka sake bin matakan nan kaf bayan kwana uku, aka sami 8.3. Ya duba ƙafar, ya ɗora ta a kan magani, ya yi mata bayanin abinci.

Faɗa mata shi ne abu mafi nauyi a duk wannan aiki. Na same ta bayan la'asar tana tsince gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe ni. Wancan gwajin ni na ɓata shi. Ciwon yana nan tun lokacin, na ce miki babu." Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta na cikin faifai. Sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma sauran mutanen da ka aika nasu fa?"

Wannan tambayar ta hana ni barci. Kafin in taɓa littafinmu, na so in gani da idona, don gani ya kori ji. Abokin aikina ya ɗebi jinina da safe, muka raba uku. Ɗaya muka sanyaya muka juya nan take. Ɗaya a kwalbar fulorayid muka bar ta a kan tebur. Ɗaya a kwalba mai jan murfi, ita ma a kan tebur. Bayan awa biyar na kai su gari. Ta farko 5.2, ta biyu 4.9, ta uku 3.8. Jini ɗaya, hannu ɗaya, allura ɗaya.

Tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu ƙarama ce a ido, amma ita ta fi tayar mini da hankali saboda masu juna biyu. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin ciwon suga na masu juna biyu a 5.1 kafin a karya, 10.0 bayan awa ɗaya da shan giram 75 na gulukos, da 8.5 bayan awa biyu. Ana yin gwajin galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Abin da aka saba shi ne a ɗebi jinin farko a ajiye a tebur, a jira na biyu da na uku, sannan a aika su tare. Kenan na farkon, wanda layinsa ya fi kowanne ƙunci, shi ya fi daɗewa yana jira. Matar da ke da 5.3 sai ta fito da 4.9 ko 5.0, a sallame ta. Wata uku bayan haka a kawo ta da naƙuda mai tsawo, jariri ya yi girma ya ƙi fitowa, ko ya fito sugansa ya faɗi. Mu da ke nesa da ɗakin tiyata mun san abin da wannan ke nufi. Yanzu kowace kwalba tana shiga ƙanƙara a juya ta a lokacinta, in kuma ba mu da ƙanƙara a ranar, matar muke turawa gari, ba jininta ba.

Wani zai ce me ya sa ba za a koma gwajin nan da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku ba, wanda ba ya bukatar kwana da yunwa kuma ba ya zubewa a hanya. Gwaji ne mai kyau, an amince da shi tun 2011, layinsa kashi 6.5 cikin ɗari. Sai dai yana da tsada ga mutanenmu, kuma ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyi. A wurin da sikila da ƙarancin jini suka yi yawa kamar namu, yana iya ba da lambar da ba ita ba. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ma yana nan: jinin da aka ɗiba a hannun da ake ƙarin ruwa mai gulukos zai yi sama ƙwarai, haka yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake ba a wanke ba. Amma lamba mai yawa tana sa a sake dubawa. Lamba mai kyau ta ƙarya ita ce ke tura mutum gida da murna.

Littafinmu yanzu yana da sabbin layuka biyu da na ja da rula, lokacin ɗiba da lokacin rabawa. Gwajin suga ranar Talata da Laraba kawai muke yi, ba ranar kasuwa ba. Ɗan acaɓan na zaunar da shi na ba shi labarin awaki da dusa. Ya ce, "Likita, da ka faɗa mini tun farko ai da ban tsaya ba." Mun ƙara masa kuɗin aike don kada ya ɗauki fasinja, kuma idan ya isa yana sa a rubuta masa lokaci a bayan takarda ya dawo mini da ita.

Na koma baya shekara guda a littafin, na fitar da sunan duk wanda aka aika jininsa don suga ya dawo tsakanin 5.5 da 6.9. Mutum goma sha ɗaya. Na bi su gida-gida da yamma, ina faɗa wa kowa abin da na faɗa wa Gwaggo. Wasu sun karɓa da sauƙi, wani dattijo ya yi mini faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Tara sun dawo an sake ɗiba. Uku daga cikinsu sun haura 7.0, an maimaita, an tura su wurin likita. Ƙafar Gwaggo ta kame kafin ruwan farko ya sauka. Cikin biyun da suka rage, ɗaya ta yi aure a wani gari ta wajen Haɗeja, na aika wa mijinta saƙo ta hannun yayanta. Ɗayan yana cirani a Legas. Mahaifinsa ya ce zai dawo shuka, na ajiye kwalba ɗaya da sunansa a cikin aljihun tebur.